Idan na rufe ido duhu kawai nake gani: ta ina zan fara koyon suranta abu a zuci?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maradi. Ina so in riƙa zaman natsuwa ni kaɗai don rage fargabar da ke kama ni idan zan yi bayani a gaban malamai, kuma an ce sai mutum ya fara koyon suranta abu a zuci. Ni kuwa idan na rufe ido, duhu kawai nake gani. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, kada wannan ya karya miki gwiwa, domin mutane sun bambanta ƙwarai wajen ganin zuci. A 1880 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya nemi mutane su tuno teburin da suka karya kumallo a kansa, su bayyana yadda hoton ya zo musu. Wasu suka ce sun gan shi sarai, wasu kuma, cikinsu har da masana kimiyya, suka ce kusan ba su ga kome ba. Akwai ma tsirarun mutane da ba sa ganin hoto sam, yanayin da likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya raɗa wa suna afantasiya a 2015, kuma suna karatunsu da sana'arsu lafiya lau. Mafi yawan masu irin kukanki dai suna ganin hoton, sai dai dishi-dishi yake zuwa ya ɓace, su kuwa suna jiran ya fito tamkar a talabijin.

Ki fara da abin da hannunki ya saba da shi. Ki ajiye ƙwaryar fura a gabanki, ki dube ta na minti ɗaya: zanen bakinta, inda ta tsage aka ɗinke, yadda ludayi ya jingina. Sai ki rufe ido ki lissafa abin da kika riƙe, ki buɗe ki duba abin da ya kuɓuce miki, ki sake. Bayan 'yan kwanaki ki ƙara da sauran gaɓɓai, wato sanyin ƙwaryar a tafin hannu, ƙamshin citta da kanumfari, da ƙarar ludayi a gindinta. Wanda hoto bai zuwa masa sau da yawa yana kama sauti ko taɓi, kuma wannan ya wadatar. Minti biyar zuwa goma sun isa, kuma na fi son bayan sallar asuba, saboda da dare barci ke sace yawancin masu gwadawa.

Abin da ya fi kaifin hoto muhimmanci shi ne abin da kike surantawa. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor sun gwada ɗalibai a Amurka kwanaki kaɗan kafin jarrabawa, inda waɗanda suka riƙa suranta kansu suna karatu, a wane wuri kuma a wane lokaci, suka fi samun maki a kan waɗanda suka riƙa hango kansu da sakamako mai kyau a hannu. Saboda haka kada ki ɓata zamanki wajen hango tafi da yabo. Ki ga kanki kin miƙe, takarda tana rawa a hannunki, kin ja numfashi, kin faɗi jimlar farko. Sa'an nan malam ya jefo tambayar da ba ki shirya mata ba, kika dakata, kika nemi ya maimaita, kika amsa iyakar abin da kika sani. Wannan wuri mai wuya shi ya kamata ki fi maimaitawa.

Idan kuwa rufe ido yana dawo miki da wani mummunan abu da kika taɓa gani, kamar haɗarin mota ko farmakin 'yan bindiga, har zuciya ta riƙa bugawa gumi yana keto miki, to ki buɗe ido ki dakatar da atisayen, ki je asibiti ki nemi ganin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa kafin ki ci gaba ke kaɗai.