Wa Ya Yi Maka Iso?

Ɗana, saƙonka ya zo. Ka ce ka je gidan surukinka a Mabera, ka buga waya tun kana hanya, ka yi sallama a bakin ƙofa ka wuce har tsakar gida, sai tsohon ya ɗaure fuska ya ce, "Wa ya yi maka iso?" Kai kuma kana ta mamaki, tunda ai ka yi sallama.

Ka yi kam. Amma sallama daga bakinka take fita, iso kuwa ba mai yi wa kansa. Wani ne zai shiga ya ce wane ya iso, sannan maigida ya ce ka shigo, ko ya fito ya same ka. Amfanin zaure ke nan.

Ina yaro a gidanmu na wajen Ƙofar Rini, aikina ne wannan. Baƙo zai jingine kekensa a bango ya ce, "Kai yaro, shiga ka ce ana sallama da maigida." In ruga ciki in faɗa. Kafin in dawo da tabarma da ruwan randa, Inna ta ja mayafi, an kau da turmi daga hanya, wadda ke tsifar kai ta shige ɗaki. Wannan ɗan lokacin shi ka hana mutanen gidan surukinka. Mace 'yar'uwarsu ba ruwanta da wannan, sallama kawai za ta yi ta faɗa ciki. Kai ne namiji baligi, ko da 'yar gidan ce a ɗakinka.

Ba al'ada ce kurum ba. Duba Suratun Nur, aya ta 27: kada a shiga gidan da ba naka ba sai an nemi izini an yi sallama. Abu biyu aka ambata. Hadisi kuma ya ce sau uku ake neman izini, in ba a ba ka ba ka juya.

A fadar Sarkin Musulmi abin ya fi tsanani. Kome girman rawaninka, sai ka tsaya an kai sunanka ciki, ka tuɓe takalmi, sannan a shiga da kai ka faɗi gaisuwa. Yanzu har a ofisoshi za ka ji mutum na neman wanda zai yi masa iso wurin kwamishina, wato mai kai shi gaba. Wannan kam wani lokaci sai da ɗan abin goro, ba ya cikin wanda muka gada.

Wayar da ka buga, matarka ta gaya mini ƙanenta ka kira, yana kasuwa lokacin. Ran Juma'a bayan la'asar ka koma da goronka, ka tsaya a zaure, ka aiki yaro. In tsohon ya bar ka zaune rabin awa, ka zauna.