Amsa: Za a lissafa mini zangon da zan yi a Jamus?

Ƙanwata, kin tambaya ko zango ɗaya da za ki yi a Jamus ta shirin Erasmus+ (shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai) zai shiga sakamakonki idan kin dawo. Zai shiga, amma fa tun ran gini ran zane.

Akwai takardar yarjejeniyar karatu da mutum uku ke sa wa hannu: ke, jami'arku, da jami'ar da za ta karɓe ki. A cikinta ake jera kowane kwas na can da wanda zai maye gurbinsa a gida. Kada ki hau jirgi sai shugaban sashenku ya sa hannu ya buga hatimi. "Je ki kawai, ma gani" ba hujja ba ce gaban jami'in jarrabawa.

Turawa da ECTS, wato ma'aunin nauyin kwas, suke awo: 30 a zango, 60 a shekara, kowane ɗaya aikin awa 25 zuwa 30 ne, har da karatun ɗaki. Ba daidai yake da namu ba, don haka ki nemi yadda sashenku ke juya shi, a rubuce.

In kwas ya canza bayan kin isa, wanda yakan faru, a gyara takardar nan take.