Amsa kan fim ɗin Mars Attacks!

Malam, ka tambaya ko Mars Attacks! ya cancanci ku kalle shi a majalisarku ta Agege, tunda ka ji wani mai sharhin barkwanci yana cewa an tara manyan taurari ne aka yi asararsu. A ganina rabin gaskiya ya faɗa.

Tim Burton ne ya ba da umarnin fim ɗin a 1996, kuma ya ɗauko labarin daga wasu katunan hotuna na kamfanin Topps na 1962. Jack Nicholson ya fito a matsayi biyu, shugaban Amurka da wani ɗan kasuwar Las Vegas, ga kuma Glenn Close da Pierce Brosnan da Danny DeVito da Michael J. Fox. Abin da mai sharhin ya kira asara, da gangan aka yi shi, domin dariyar fim ɗin tana cikin yadda halittun duniyar Mars suke ikirarin zaman lafiya suna ƙone manya ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan majalisa, alhali wani saurayi mai sayar da donat da kakarsa ne suka gano cewa tsohuwar waƙar mawaƙin Amurka Slim Whitman tana fasa kawunan baƙin.

Inda na yarda da mai sharhin kuwa, rabin sa'ar farko tana da jan ƙafa, saboda yawan mutanen da ake gabatarwa. Ya kuma fito watanni kaɗan bayan Independence Day, wani fim ɗin da shi ma yake kan mamayar baƙin halittu, kuma bai yi kasuwa sosai a Amurka ba. Ku kalle shi, amma kada ƙananan yara su zauna, don akwai ƙwarangwal da yawa.