Shin mata da mata-maza sun taɓa riƙe makami a fagen daga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya. Gardama ce ta haɗa ni da yayana. Ya dage cewa yaƙi tun fil azal aikin maza ne, har yana cewa labarin Sarauniya Amina ma tatsuniya ce. Ni kuwa na ji an ce akwai wani janar na Amurka da aka gano mata-maza ne bayan ya daɗe da mutuwa. Don Allah a warware mana: da gaske mata sun yi aikin soja a yaƙe-yaƙen da? Mata-maza fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Yayanki yana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin a kusan kowace al'umma maza ne mafi yawan mayaƙa. Amma daga "mafi yawa" zuwa "su kaɗai" akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne ya zame.

Mu fara daga ƙofar gidanku. Sunan Amina bai tsaya a bakin tsofaffi kawai ba, yana cikin rubutu. Tarihin sarakunan Kano ya ambace ta, ya ce ta ci garuruwa har zuwa Nupe da Kwararrafa, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri. Masana suna saɓani kan zamaninta, wasu su ce ƙarni na 15, wasu na 16, kuma babu shakka baki ya ƙara wa labarin gishiri. Sai dai ƙarin gishiri daban, ƙirƙirar miya daban. Har yau ana kiran wasu tsofaffin katangun garuruwa da "ganuwar Amina".

Idan kuma ya fi natsuwa da littattafan sira, ki tuna masa Nusaiba bint Ka'ab, Ummu Ammara, Allah ya yarda da ita. Ruwa ta fito shayarwa ranar Uhudu. Da sahu ya watse, sai ta ajiye salka ta ɗauki takobi da garkuwa ta tsaya kare Manzon Allah (SAW), har aka yi mata mummunan sara a kafaɗa. A zamanin Sayyidina Abubakar ta sake fita yaƙin Yamama, inda ta rasa hannu ɗaya.

Waɗannan ɗaiɗaiku ne. Runduna sukutum ta mata, mai shugabanninta da kakinta da horonta, an same ta a Dahome, Jamhuriyar Benin ta yau. Ana kiran su Agoji, ko Mino. Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, shi ya faɗaɗa rundunar har ta kai dubbai. A fada suke zaune a Abome, babban birnin Dahome, a dokance matan sarki ne, ba aure ba haihuwa muddin suna cikin aiki. Turawan da suka kalli atisayensu sun ba da labarin yadda ake tara shingen ƙaya mai tsayi, a ba su umarni su haye shi da ƙafa ba takalmi, su sauko jina-jina ba wadda ta ce uffan. Bindigar toka da adda ne makamansu. Suna cikin rundunar da ta kai wa Abekuta hari a 1851, da kuma 1864, duk biyun Egbawa suka kore su da asara mai yawa. Sun gwabza da Faransawa a 1890 da 1892, har Abome ta faɗa hannun kwamandan Faransawa Dodds a watan Nuwamban 1892.

A nan sai na ja miki kunne, don ina ganin yadda ake yi musu kirari a intanet ba tare da an faɗi sauran zancen ba. Yawancin yaƙe-yaƙen Dahome na kamun bayi ne. Matan nan sun ƙone ƙauyuka, sun raba uwa da ɗa, wasunsu kuma dole aka yi musu suka shiga. Jarumtarsu gaskiya ce, hawayen waɗanda suka kama ma gaskiya ne.

Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta ja daga da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, da Yaa Asantewaa ta Asante, a Ghana ta yau, da ta jagoranci yaƙi da Ingilishi a 1900, duk jiya-jiya ne a ma'aunin tarihi.

A Turai da Amurka kuwa, inda doka ta hana mace shiga soja, sai wasu suka bi ta bayan gida: su aske kai, su ɗaure ƙirji, su ari sunan namiji. Ki dubi Deborah Sampson. A 1782 ta shiga rundunar Amurka da sunan Robert Shurtliff. Aka harbe ta a cinya. Ta san in likita ya yage wandon asirinta ya tonu, sai ta sulale ta zauna ita kaɗai, ta sa 'yar wuƙa ta tono harsashin da hannunta. Wanda ya tona ta daga baya zazzaɓi ne, da ya kwantar da ita a Filadelfiya ba ta cikin hayyacinta, likita ya ga ɗaurin ƙirjin. An sallame ta da mutunci a 1783, daga baya har fansho ta samu. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, masana sun ƙiyasta ɗaruruwan mata sun yi irin wannan. Milunka Savić ta Sabiya ita ma da kayan maza ta shiga sojan ƙasarta a madadin ɗan'uwanta, rauni ya tona ta, kwamandanta ya ƙyale ta ta ci gaba saboda ƙwazonta. Ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da lambobin yabo na ƙasashe da dama, amma ta yi shekaru tana aikin shara a wani banki a Belgired. Wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna.

Zuwa Yaƙin Duniya na Biyu ba a buƙatar ɓuya a Tarayyar Sobiyat. Mata kusan 800,000 suka sa kaki. Lyudmila Pavlichenko, gwanar harbi daga nesa, an lissafa mata mutum 309 da ta kashe.

Yanzu ga sashen tambayarki da ya fi wuya, kuma ina so ki riƙe bambancin nan da kyau, don nan mutane ke cakuɗa abubuwa. Macen da ta sa kayan maza ba mata-maza ba ce. Ɗan daudu ba mata-maza ba ne. Babannin fada, irin waɗanda aka aiko wa Amina, maza ne da aka yi wa dandaƙa. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da jikin da bai fito sak a na namiji ko na mace ba, ko a al'aura, ko a kayan ciki, ko a ƙwayoyin halitta. Halittar Allah ce, ba zaɓi ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Malaman fiƙihu sun san shi tun tuni da sunan khunsa, suka tanadar masa hukunci a gado da sahun salla. Mu ne a yau muke ɓoye irin yaran nan a ƙuryar ɗaki kamar abin kunya, alhali magabata sun zauna sun yi musu lissafin gado.

Irin waɗannan mutane ba sa bayyana a rajistar soja, domin magatakarda namiji yake rubutawa ya wuce. Wuri biyu suke fitowa: gaban alƙali, ko cikin kabari.

Na gaban alƙali shi ne Eleno de Céspedes na Sifaniya. An haife shi wajen 1545, uwarsa baiwa ce baƙar fata, aka raine shi a matsayin mace mai suna Elena, aka aurar, har ya haihu. Daga baya ya koma shigar maza, ya yi soja a yaƙin Alfuharas na 1568 zuwa 1571, wanda aka yi don murƙushe ragowar Musulman Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Ya koyi aikin fiɗa har ya samu lasisi. Da zai auri wata mace, likitoci suka duba shi suka ce namiji ne. A 1587 aka gurfanar da shi gaban kotun coci a Toledo, ya tsaya a kan cewa shi jiki biyu gare shi, wasu likitocin suka sake dubawa suka ce mace ce. Aka yanke masa bulala 200 da aikin shekara 10 a asibiti ba albashi. Har yau masana suna jayayya kan ainihin halittarsa, amma da bakinsa ya kira kansa mata-maza, kuma takardun shari'ar suna nan.

Na cikin kabari akwai wanda aka tono a Suontaka ta ƙasar Finlan a 1968, mai shekara kusan 900: gawa da tufafi da kayan adon mata, ga kuma takobi. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna alamar mamacin yana da ƙwayoyin halitta XXY, maimakon XX na mace ko XY na namiji. Takobi a kabari dai shaidar daraja ce, ba lallai shaidar an je yaƙi ba, don haka kada ki kafa hujja da shi kaɗai.

Janar ɗin da kika ji labari kuwa Casimir Pulaski ne, mutumin Folan, an haife shi a 1745. Ya je Amurka ya taya su yaƙin neman 'yanci daga Ingila, ya yi fice a gumurzun Brandywine a 1777, har ake masa laƙabi da uban sojan doki na Amurka. An harbe shi a Savannah a watan Oktoban 1779, ya cika bayan 'yan kwanaki. A 1996, ana gyaran hasumiyar tunawa da shi a garin, aka fito da ƙasusuwan da ke ƙarƙashinta. Masu bincike suka ga tsayi da shekaru sun dace da nasa, ga alamar doguwar zama a kan sirdi, ga tsohon rauni a hannun dama. Amma ƙashin ƙugu na mace ne. Shekaru aka yi ana cewa ai ba gawarsa ba ce, tunda akwai ruwayar cewa a teku aka jefa shi. Sai a 2019 aka bayyana cewa gwajin ƙwayoyin halitta ya dace da na wata jikar 'yan'uwansa ta wajen uwa. Abin da masu binciken suka fi rinjayarwa shi ne yana da wata larura ta haihuwa da ke sa jikin mace ya riƙa fitar da sinadarin maza da yawa, har jariri ya fito da kamannin namiji, ya girma da gashin baki da sanƙo, kamar yadda zanen fuskarsa ya nuna. Da sunan namiji aka raɗa masa suna, a namiji ya rayu, kuma mai yiwuwa shi kansa bai taɓa sanin abin da ƙashinsa zai faɗa ba.

An mayar da ƙasusuwan kusa da hasumiyar a 2005 da faretin girmamawa na soja, a 2009 kuma Amurka ta ba shi matsayin ɗan ƙasa na karramawa. Ki gaida yayan naki, ki ce ya leƙa babin yaƙin Uhudu a littafin sira kafin ku sake zama.