Rinin Likita da Zanen Mahaukaciya

Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko min da tambaya mai rassa uku. Ta ce tana yi wa marasa lafiya bayanin wani ruwa shuɗi da ake yi wa mutum allurarsa a ƙarshen tiyata, don a ga ko hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda ta tsira daga wuƙa. Ta kira shi rini, ko tawada, ko launi? Ita hanyar kuma me za ta ce mata da Hausa? Sai ta rufe da tsokana: "Malam, ko wannan ne 'za a rina' ɗin da ake faɗa?"

Malama, bari mu fara da mai sauƙin. Tawada ta rubutu ce, ki bar wa allo da takarda abinsu. Launi kuwa kamannin da ido ke gani ne, ja ko kore ko shuɗi. Abin da ke kawo kamannin shi ne rini, kuma aikin ruwan naku ke nan, rina fitsari. Har zumunta ma akwai. Sunansa indigo kamin, indigon nan kuwa shi ne baban da marina suka sani, wanda ake samun shuni daga gare shi. An sarrafa shi ne da sinadari ya zama mai narkewa a ruwa, ƙoda kuma ta iya tace shi da sauri. Na yau dai a masana'anta ake haɗa shi, bai taɓa ganin karofi ba.

Maganar hanyar ce ta fi ɗaukar hankalina. Na sha jin masu fassara suna cewa "bututun fitsari", kuma nan rikicin yake, domin bututun iri biyu ne. Kowace ƙoda tana da nata siriri, mai tsawon santimita 25 zuwa 30, da ke gangarawa mafitsara. Daga mafitsara kuma akwai wani guda ɗaya da ke fitarwa waje. In kika ce wa mace an taɓa mata bututun fitsari, na wajen nan za ta ɗauka. Ni na fi son "magudanar ƙoda". Ƙirar kalmar tamu ce tsaf: ma- a farko, -a a ƙarshe, sai sunan wuri ya fito, kamar yadda fitsari ya ba mu mafitsara, rini ya ba mu marina. (Marina ɗin ma biyu ce, wurin da masu sana'ar, karin sauti ne ke raba su.)

Magudanar nan tana bi ta kusa da jijiyar jinin mahaifa, shi ya sa a aikin cire mahaifa aka fi jin tsoron a yanke ta ko a ɗaure ta da zare ba a sani ba. In aka rufe ciki a haka, ko ƙoda ta kumbura, ko a wayi gari da yoyon fitsari. To sai a sa rinin ta jijiya, likita ya zura siririyar na'ura mai fitila cikin mafitsara, ya ƙura wa bakunan magudanun biyu ido. Cikin 'yan mintoci sai ga shuɗi ya feso ta dama kamar hayaƙi a cikin ruwa, can sai na hagu ya biyo. Wanda ya yi shiru, shi za a koma a bincika tun mara lafiya na kan gado. Gani ya kori ji.

Kin rubuta "jarrabawar magani" a wasiƙarki. Gyara: gwaji. Jarrabawa ta ɗalibi ce, ko wadda Allah ke yi wa bawansa. Likitoci sun fi shekara 100 suna aiki da rinin nan, amma sai a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi lasisi da sunan Bludigo, bayan gwajin asibiti da aka kwatanta shi da ruwan gishiri zalla, aka auna wanne ya fi sa a ga fesowar fitsari ƙarara. Tsufan abu bai isa shaida ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana kuma lura da hawan jini yayin allurar, don yakan motsa shi.

Saura tsokanarki. Cikakken karin maganar shi ne "da ma za a rina, an saci zanen mahaukaciya." Mahaukaciya kullum tana yawo da zane ɗaya, duk gari ya san shi, ɓarawo ba shi da yadda zai ɗaura shi sai ya kai marina an sauya masa kama. Ana faɗarsa in abin da kowa ya hango ya auku, yawanci marar daɗi. Rinin ɓarawo na ɓoye ɓarna ne, naku kuwa tona ta yake yi. Saboda haka kada ki kuskura ki tsaya kan mai shirin shiga tiyata ki ce mata "za a rina", gabanta zai faɗi. Ki ce, "Baiwar Allah, in kin farka kika ga fitsarinki ya yi shuɗi, kada ki tsorata, rinin da muka sa ne yake fita."