Gas ɗin girki kullum tashi yake, shin in mayar da motata mai amfani da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban mota ne, ina lodi tsakanin Kano da Zariya. Abu biyu ne suke damuna. Na farko gas ɗin girki, duk sanda na je cika tukunya sai in tarar an ƙara kuɗi, har maiɗakina ta fara cewa mu haƙura mu koma gawayi, alhali kullum ana ce mana Najeriya ƙasar gas ce. Na biyu, wani bakanike ya ce in kai masa motata ya juya min ita ta koma amfani da irin wannan gas ɗin na girki, wai zan huta da fetur. Dan Allah akwai riba a ciki ko asara zan tafka?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Tambayoyin naka biyu a gaskiya tushensu ɗaya ne, in ka gane abin da ke ɗaga kuɗin tukunyar da ke kicin ɗinka to ka gane rabin amsar maganar motar.

Maganar cewa muna da gas ba ƙarya ba ce, arzikin iskar gas da aka tabbatar yana kwance a ƙarƙashin ƙasar nan ya haura kubik fit tiriliyan 200, wato ma'aunin yawan gas. Amma mafi yawansa ba irin wanda ake girki da shi ba ne a tukunya. Na tukunya, wato LPG, sai an tace shi an ware shi daga ɗanyen gas ko daga ɗanyen mai a matata, sannan a matse shi ya zama ruwa, shi ya sa in ka girgiza tukunya za ka ji abu yana motsi a ciki. Wuraren da ake yin wannan aikin duk a kudu suke, babbansu kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas wanda tun 2007 yake ba kasuwar cikin gida, sai matatar Dangote da ke Lekki a Legas da ta shigo daga baya, da wasu ƙananan masana'antu a yankin Neja Delta. Abin da ya rage a cike giɓi kuma shigo da shi ake yi a jirgin ruwa daga waje.

To ga inda matsalar take. Gas ɗin girki ba kamar fetur ba ne a da, gwamnati ba ta yanka masa farashi ba ta biya masa tallafi, kasuwa ce ke juya shi. Kuma kasuwar da ake kallo ba ta Singa ba ce ko Sabon Gari, ta duniya ce, akwai farashin da kamfanin Aramco na Saudiyya yake fitarwa duk wata, akwai na wata cibiya da ake kira Mont Belvieu a jihar Texas ta Amurka, da su ake auna kuɗin gas ko da a Bonny aka samar da shi. Kamar dai manomin riɗi ne a Jigawa, ko maƙwabcinsa ne zai saya sai ya tambayi nawa ake yi a Dawanau, Dawanau kuma dala take kallo saboda kayan fita waje ne. Shi ya sa za ka ga lokacin sanyi a Turai da Asiya, da suke buƙatar gas don ɗumama gidaje, mu nan Kano sai kilo ya motsa, haka ma a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwar makamashi.

Amma abin da ya fi karya mu ba farashin duniya ba ne, naira ce. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo dala ta wuce 1,500. Ka ga ko da gas bai ƙara ko sisi ba a kasuwar duniya, a naira ya riga ya ninka. Ka tuna a 2020 da wajen naira dubu huɗu kake cika tukunya mai kilo 12.5, a 2022 ta kai wajen dubu goma, zuwa ƙarshen 2024 mutane suna biyan sama da dubu goma sha biyar. Kuma da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kananzir shi ma ya zama sai mai hali, mutane da yawa suka yi ca a kan gas, masu janareto suka fara juya injinansu, buƙata ta ƙaru kayan kuma ba su ƙaru daidai da ita ba.

Sai kuma namu na Arewa wanda ni ya fi ci min rai, wato hanya. Gas ɗin da ke cikin tukunyarka ya taso ne daga defo a Apapa ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba, a cikin tanka mai ɗaukar wajen tan ashirin, ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta iso Kano, da dizal take tafiya, kai direba ne ka fi ni sanin yanayin hanyar da abin da ake kashewa a kanta, taya, gyara, shingaye, kwanan hanya. Duk wannan a kan kilo ake raba shi. Daga babban dila ya sauke a tasharsa, ƙananan 'yan kasuwa su zo su cika manyan tukwane, su kai shago cikin unguwa suna juyewa a ƙanana, kowane hannu da ya taɓa sai ya ɗora nasa. Ba wai ina wanke 'yan kasuwa ba ne, akwai masu ɓoye kaya in sun ji ƙishin-ƙishin ƙaranci, mun gani a watan Oktoban 2025 bayan yajin aikin ƙungiyar manyan ma'aikatan mai da gas ta PENGASSAN da ya tsayar da lodi na 'yan kwanaki, kilo ya haura naira dubu biyu a garuruwa da dama, kuma da aka janye yajin aikin sai da aka ɗau lokaci kafin ya sauko. Amma mai shagon unguwarku ba shi ne ya ninka maka kuɗi sau huɗu ba cikin shekara huɗu.

Gwamnati ta taɓuka wasu abubuwa, an cire harajin VAT da na kwastan a kan gas ɗin girki da kayan aikinsa, sannan ƙaramin ministan gas Ekperikpe Ekpo ya ba da umarnin a daina fitar da LPG ɗin da aka samar a gida daga 1 ga Nuwamban 2024, ya kuma ce hukumar NMDPRA mai kula da harkar tacewa da rarraba mai da gas ta fito da tsarin farashi da zai dogara da kuɗin samarwa a cikin gida. Matakai ne masu kyau, ni dai a ganina muddin babu manyan rumbunan ajiya a Arewa kuma komai sai ya hau tanka, duk ɗan abin da ya faru a Legas sai mun ji shi a kicin.

Yanzu maganar mota. Abu na farko da nake so ka tabbatar daga bakin bakaniken nan shi ne wane gas yake nufi, domin iri biyu ne ake sa wa mota kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai LPG ɗin nan na girki, akwai CNG wanda shi ne gwamnatin tarayya ta ɗauka tun 2023 take tallatawa. CNG iskar gas ce zalla da ba a mayar ruwa ba, ana danna ta a tukunya da matsi mai tsananin ƙarfi, wajen bar 200 a ma'aunin matsi, shi kuma LPG matsinsa a tukunya bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Tukwanensu daban, kayan haɗinsu daban, farashinsu ma daban, CNG ya fi araha sosai saboda daga bututu ake ɗibansa kuma ba ya bin kasuwar duniya kamar LPG. Matsalarsa a wajenmu wurin sha, tashoshin ba su da yawa a Arewa, bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 shi ne ake sa ran zai sauya wannan. Dan girman Allah kar ka yarda wani ya sa maka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa a matsayin ta CNG, a Benin ta jihar Edo a watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas saboda irin wannan tukunyar, mutane suka ji munanan raunuka.

In kuma LPG ɗin yake nufi da gaske, to ba sabon abu ba ne a duniya, a Turkiyya da Poland da Koriya ta Kudu motoci masu ɗimbin yawa da shi suke tafiya, injin yana ƙona shi tsaf, hayaƙi kaɗan, bakin mai ma ya fi daɗewa bai yi baƙi ba. Amma abin da ya sa ya karɓu a can shi ne harajinsa ya yi ƙasa da na fetur sosai, tazarar ce take biyan kuɗin juyawa. Mu a nan sai ka zauna ka yi lissafi da kanka. Kilo ɗaya na gas ya yi kusan lita 1.8, kuma mota tana shan gas fiye da fetur da kamar kashi ashirin cikin ɗari a lita saboda ƙarfinsa bai kai na fetur ba. Ma'ana kilo ɗaya zai yi maka aikin fetur lita ɗaya da rabi. Don haka ka ɗauki kuɗin kilo a yau ka raba da 1.5, abin da ya fito shi za ka gwada da kuɗin litar fetur. Misali a ce kilo naira 1,200 ne, to kamar kana shan fetur a kan 800 ne, in lita tana 950 ka tsira da 150 a kowace lita. In kilo ya koma 1,500 kuwa ka koma daidai da lita a kan dubu ɗaya, ribar ta tafi, ga kuɗin juyawa da ka riga ka kashe. Ka lissafa lita nawa kake ƙonawa a rana tsakanin Kano da Zariya, ka ninka da wannan tazarar, ka ga wata nawa zai ɗauka kafin kuɗin kayan ya dawo. In ya wuce shekara ni ba zan ba ka shawarar ka yi ba, saboda ka ga yadda farashin nan yake tsalle ba sallama.

Akwai ma abin da ba a cika faɗa wa direbobi ba, tankin zai cinye maka wuri a but, kai kuma kuɗin kaya wani ɓangare ne na cinikinka. Sannan tankin LPG na mota na musamman ne, yana da abin da ke tsayar da ɗurawa in ya kai kashi tamanin cikin ɗari don a bar wa gas wurin buɗewa in ya ji zafi, ka san ranar watan Afrilu a hanyar Zariya. Tukunyar girki da aka kwantar a but aka ja mata tiyo zuwa inji ba juyawa ba ce, ganganci ne da ran fasinja. In har za ka yi, ka je wurin da aka horar da su, su bar maka layin fetur yana aiki yadda ranar da gas ya yi wuya ko ya yi tsada sai ka danna maɓalli ka koma fetur. Da ni ne kai, kafin in kashe ko naira zan fara zagayawa in ga ko akwai tashar CNG da ake samu kullum a kan hanyata, in akwai to can ne ribar take ga mai motar haya.

Game da uwargida kuwa, ka ba ta haƙuri kar a yi saurin komawa gawayi gaba ɗaya. Gawayin ma ba ya nan da araha kamar da, kuma hayaƙinsa da na itace yana cin ƙirji da idon mai girki da yaran da ke zagaye da ita, musamman in a rufaffen ɗaki ne, ga dazuzzukanmu da suke ƙarewa. Abin da za ku iya riƙewa shi ne kilon da kuka biya ya shigo gida cikakke kuma ya yi auki. A jikin marikin kowace tukunya ko gindinta akwai lambar da aka buga da haruffan TW, nauyinta ke nan ba komai a ciki. Ka tsaya a gaban sikeli ka ga ya koma sifili kafin a ɗora, ka ga nauyinta kafin a ɗura da bayan an ɗura, bambancin shi ne abin da za ka biya, da yawa a nan ake cutar mutane da rabin kilo ko fiye. In da hali ka riƙa zuwa babbar tasha kai tsaye, kusan kullum ta fi shagon unguwa sauƙi, ko ku haɗu da maƙwabta mutum ɗaya ya kai tukwanen a adaidaita.

A kicin kuma ku kalli wutar. Shuɗiya ce lafiyayya, in ta koma ja ko ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya to ramukan kan murhun sun toshe, gas yana tafiya a banza, a cire kan a wanke a tsokale ramukan da siririyar waya. A riƙa rufe tukunya da murfi, a rage wuta da zarar abu ya tafasa, wake a jiƙa shi tun dare, kar wuta ta riƙa lasar gefen tukunya. Sannan ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin regileta da duk tsawon tiyon, in ka ga kumfa tana tasowa akwai yoyo, ɗan ƙaramin yoyo yakan shanye kilo guda a hankali ba ku sani ba, ban da hatsarinsa, don gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tiyon da ya fara tsagewa ko ya bushe a sauya shi, in an gama girki a rufe daga kan tukunyar gas ɗin ba daga murhu kaɗai ba. Abin da yake ɗaukar awanni a wuta kamar dahuwar ganda ko ruwan wanka da sanyi, wannan a iya yin sa da gawayi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, a bar gas ga girkin yau da kullum.