Ku Tambayi Mai Gyara: "Masu kallo sun cika ni da shawarwari, da wace zan fara?"

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni yaro ne mai gyaran salula da kwamfuta a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. Wata huɗu ke nan ina ɗaukar ƴan gajerun bidiyo da Hausa ina sawa a Facebook da TikTok. Makon jiya na ce wa masu kallo kowa ya faɗi abin da yake son gani, sai ga shawarwari kamar ruwan Agusta. Wasu na so in haɗa kwamfutar wasan gem tun daga tushe. Wasu sun ce in gwada sabuwar iPhone da sabuwar Samsung. Wani daga Tasawa ya ce in nuna awa nawa batirin sola zai ja fanka da talabijin. Wata ɗaliba ta ce in koya musu yadda ake zaɓen tsohuwar kwamfuta. Akwai masu son sanin kile (wato filash, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta) na jabu, da kuma masu yawa da ke cewa in nuna yadda ake buɗe wayar da aka kulle. Kaina ya ɗaure. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, ɗauki takarda ka raba mutanen nan gida biyu. Akwai wanda ya rubuto maka don ya ga wani Bature ya yi irin bidiyon yana son ya ji shi da Hausa, akwai kuma wanda ya rubuto don wani abu ya lalace masa a ɗaki ko yana shirin kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Mutumin Tasawa da ɗalibar nan suna gida na biyu. Da su za ka fara.

Masu kwamfutar gem da masu iPhone ka ba su haƙuri. Katin hoto (ɓangaren da ke zana hotunan gem a allo) guda ɗaya na irin kwamfutar da suke nufi ya fi jarin shagonka, kuma wanda ya ce ka haɗa ba saye zai yi ba. Sabuwar waya kuwa, kafin ta iso Maraɗi mutum dubu sun riga sun buɗe kwalinta a gaban kyamara da fitilu masu tsada. Me za ka ƙara a kai? Amma a cikin dubun nan babu wanda ya san abin da watan Afrilu yake yi wa batir a ɗakin kwano, ko abin da ƙurar hunturu take yi wa cikin kwamfuta. Wannan kai ka san shi, a kan teburinka yake kwana.

Bari in daɗe a kan maganar sola, don ita ce aka fi kawo mini tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wutar yankinmu ta layin Katsina take shigowa, don haka mun ji a jikinmu. A watannin nan na ga mutane da dama sun sayi farantin sola da batir da inbata a gurguje, mai shago ya ce musu "wannan zai kwana da kai", ƙarfe biyu na dare fanka ta tsaya. Ba kullum ne ha'inci ba. Sau da yawa lissafi ne ba a yi ba, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Ga yadda zan so in ga ka yi shi. Ka ɗora batirin a tebur, kyamara ta matso kan rubutun jikinsa: 12V, 100Ah. Ka ninka su a kan allo da alli, 1200 ke nan a ma'aunin wat-awa, wato abin da ke cikin tulun idan ya cika. Sai ka gaya wa mutane abin da mai shago ba ya faɗa: batirin dalma, na ruwa ne ko wanda ake ce wa jel, ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake sha in ana son ya yi rai, saura 600. Inbata ma tana cin nata ladan wajen juya wutar zuwa 220, ka ce saura kamar 500. Fankar silin mai wat 60 da talabijin mai wat 40 sun haɗu sun zama 100. Awa biyar ke nan, ba kwana ba. Daga nan kada ka tsaya a alli. Ka kunna su da gaske bayan sallar isha'i, ka ajiye agogo a gefe, ka riƙa nuna mitar gwaji duk awa. Washegari ka sake gwadawa da ƙaramar fanka mai wat 20 wadda ke shan 12V kai tsaye ba ta bi ta inbata ba, mutane su ga da idonsu yadda batirin nan guda ya kai asuba bai ko jigata ba. Gani ya kori ji. Wanda ya kalli wannan bidiyon ba zai sake shiga kasuwa a rufe masa ido ba.

A cikin shawarar mutumin Tasawa akwai bidiyo uku ko huɗu, in ka iya tatsa. Farantin sola ana auna ƙarfin da aka rubuta a bayansa ne yana kan digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Farantin da ke kan kwano a tsakar ranar bazara ya wuce digiri 60, don haka rana mai ƙuna ba ita ce rana mai yawan wuta ba, abin da mutane ke wuyar yarda da shi ke nan. Ka hau rufi da mita ka auna farantin da ya sha ƙurar sati biyu, ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya yi zafi, ka sake aunawa. Ka nuna dalilin da ya sa a nan ake fuskantar da shi kudu a ɗan karkace, tunda muna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Batirin dalma kuma zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya raba kwanansa biyu. Na sha shiga gida in tarar an jibge shi a kicin kusa da murhu.

Sai ɗalibar nan. Ita ma ta ba ka abu mai nauyi, domin kowace shekara yaran da suka shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna zuwa da kuɗin da uwa ta sayar da akuya ta haɗa, su tsaya gaban tulin tsofaffin kwamfutoci ba su san ta inda za su kama ba. Abin da suka sani shi ne "Core i5", sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar duk i5 ɗaya ne. Ka ɗauko biyu ka jera. Ɗaya an rubuta i5-3320M, ɗaya i5-8250U. A waɗannan biyun, lambar farko bayan ƴar sandar ita ce zuriyar: ta farko zuriya ta 3 ce, ta 2012, ta biyun zuriya ta 8, ta 2017. Bambancin ya ƙara nauyi tun 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya daina kula da Windows 10, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zuriya ta 8 yake karɓa. Ka nuna mata yadda za ta buɗe baƙin allon umarni ta rubuta powercfg /batteryreport a gaban mai sayarwa, ta ga abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yau. Ka nuna mata manhajar CrystalDiskInfo, da za ta faɗi awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki. Ka sa biyu su tashi tare, ɗaya da tsohon faifai mai juyawa ɗaya da SSD, sabuwar ma'ajiya marar juyawa, a bar agogo ya yi magana. Kada ka manta da ƴan ƙananan abubuwan da mu ƴan iyaka kaɗai ke fama da su: wadda ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa galibi jerin haruffan madanninta QWERTY ne na Ingilishi, kan cajarta mai ƙafa uku irin na Ingila, alhali yaranmu sun koyi AZERTY na Faransanci a lakkwal, wato makarantar boko, kuma soket ɗinmu mai rami zagaye ne irin na Faransa.

Kile na jabu bidiyon minti biyu ne, ka yi shi. An rubuta giga 128 a jiki, kwamfuta ma ta ce 128, a ciki kuwa 8 ne, an koya masa ƙarya ne kawai. Yana cika sai ya riƙa taka tsofaffin fayiloli, ranar da amarya ta zo neman hotunan bikinta a tarar da suna babu kaya. H2testw, manhajar gwada kile, kyauta yake, yana cika shi da rubutu ya sake karantawa, asiri ya tonu. Kama da wane ba ta wane.

Maganar buɗe wayar da aka kulle kuwa, kar ka soma. Na san ita za ta fi kawo maka masu kallo. A cikin goma da suka tambaya wataƙila bakwai tsofaffi ne da suka manta zanen da jika ya sa musu, amma ragowar ukun fa? Kai ma ka san irin wayar da ake kawo mana da magariba, ba kwali ba takarda, mai ita yana waige-waige. Mai gaskiya ya zo shago da shaidarsa. Haka duk wanda ya ce ka buɗe cikin inbata ko tsohon talabijin mai ƙugu ko ka huda kumburarren batirin waya don a ga wuta, ka ƙyale shi. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki bayan an cire su daga bango, kuma masu kallonka da yawa yara ne da za su gwada da wuƙar kicin.

Akwai wata shawarar da babu wanda ya rubuto maka, ni zan ba ka ita. A ƙarshen hunturun bara wata malamar makaranta daga Tibiri ta kawo mini kwamfutarta a cikin zane, ta ce minti goma sha biyar take yi ta mutu, wani ya ce mata sai an canza uwar allon gaba ɗaya. Na kwance sukurori, na ɗaga murfi. Tsakanin fanka da ƴan haƙoran tagullar da iska ke fita akwai wani abu kamar guntun bargo, ja-ja, na sa hantsaki na ɗago shi ɗungurungum bai ko karye ba. Man sanyaya da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya bushe ya zama ƙanzo. Na goge, na shafa sabo kamar ƙwayar gero biyu, na mayar. Zafin da ke haura digiri 90 ya dawo wajen 60. Malamar ta riƙe guntun bargon nan a tafin hannunta tana kallonsa, ta ce wai duk wannan a ɗakinta ya shiga? Har yau ina jin haushin ba ni da kyamara a ranar. Irin wannan yana zuwa maka sau nawa a mako? Sai dai ka nemi izinin mai kaya kafin ka ɗauka, kuma allon kwamfutar mutane, da hotunan iyalinsu da saƙonninsu, kada ya taɓa fitowa.

Na leƙa bidiyonka guda uku kafin in rubuta wannan. Gaisuwarka ta yi tsawo, rabin minti kana godiya ba a ga komai ba, alhali mai kallo forfe ɗinsa, wato datar da ya saya, yake ƙonewa. Fara da abin da ya lalace, gaisuwa ta biyo baya. Fuskarka ta cika allo, hannuwanka kuwa da suke aikin ba a ganinsu. Ɗaure wayar a sama ta kalli tebur. Ka ɗauka da hantsi a bakin ƙofa kafin maƙwabcinka ya tayar da janareta. Kuma ka tuna yawancin masu kallon ba a Facebook za su gan ka ba, ta WhatsApp da Xender za a tura musu, saboda haka rubuta sunan shagonka a wani kwali ka ajiye a gefen tebur inda ba za a iya yanke shi ba. Harshe ma ka lura da shi. Kai kana cewa kuran da salula da pano da kile, mutumin Katsina da Kano yana cewa wutar nefa da waya da fanel da filash, kuma su ne suka fi mu yawa a intanet. Kada ka jefar da namu don a so ka. Faɗi duka biyun sau ɗaya a farko, ka ci gaba da bakinka na Maraɗi.

Tambaya: Malam, ni malama ce mai koyar da Hausa a Gidan Rumji. Sau uku ina roƙon masu bidiyon kwamfuta su nuna yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ba wanda ya kula ni. Kullum "ƙasa" tana fita "kasa".

Amsa: Malama, ki yi haƙuri, laifinmu ne. A waya, ki shiga saitin Gboard, wato madannin wayar, ki ƙara harshen Hausa, sai ki danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai lanƙwasar zai fito. A Windows ki ƙara madannin Hausa a wajen harsuna, ki riƙe Alt na hannun dama ki buga harafin. Sai dai madannin a kan tsarin QWERTY yake, in kwamfutarki AZERTY ce za ki ga A da Q sun yi musanya har sai kin koma na Faransanci. In wannan ya dame ki, a cikin Word ki rubuta 0199 ki danna Alt da X tare, zai zama ƙ. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. Ɗana na Ali Ɗan Sofo, ga bidiyonka na ranar Juma'a nan. In ka gama ka turo mini, zan miƙa wa Malama.